Hotunan Sojan Mazan Jiya: Gani Bai Kori Ji Ba

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. To, amma duk wanda ya zauna ya yi nazarin tsofaffin hotunan sojan Nijeriya da aka kai yaƙi ƙasashen waje, zai tarar cewa wannan karin magana yana da iyaka.

Hotunan da nake nufi su ne na Yaƙin Duniya na Farko. Daga 1914 zuwa 1916 sojojinmu sun gwabza da Jamusawa a Kamaru, inda Garwa ta faɗi a 1915, Mora kuma ta miƙa wuya a 1916. A ƙarshen 1916 aka ɗebe su a jirgin ruwa zuwa Darussalam ta Gabashin Afirka, suka yi ɓarin jini a Mahiwa cikin Oktoba 1917. Masu sha'awa suna tara waɗannan hotuna, suna sayensu da tsada ta intanet, wasu kuma suna ajiye a gidan tarihin yaƙi na Landan. Tarawar abin yabo ne, domin da ba a tara ba da gara ta cinye.

Sai dai fa a lura da hannun da ya riƙe kyamara. Galibi hafsan Bature ne, ya ɗauki abin da yake so a gani a gida: sahu a miƙe, dara a kai, bindiga a kafaɗa. A ƙarƙashin hoton sau da yawa za ka ga sunan hafsa da muƙaminsa, su kuwa mutanen da ke tsaye bayansa an haɗa su cikin kalma ɗaya. Ina yunwar da ta addabe su a bakin kogin Rufiji a daminar 1917? Ina 'yan dakon da cuta ta kashe a hanya? Hoton fareti ba ya faɗin wannan.

Kaɗan ne suka tsira da sunansu, irin su Alhaji Grunshi na rundunar Gwalkwas, wanda aka ce shi ya fara harba bindiga a ɓangaren Ingila, a Togo cikin Agusta 1914, da Chari Maigumeri wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa. Sauran dubbai fa?

A nan ne aikin ya dawo kanmu, 'yan'uwa marubuta. Wanda ya kwafi hoto ya mai da shi labari, ra'ayin mai kyamara ya kwafa. Hoton ya zamo mafarin bincike kawai. Waɗanda suka yi yaƙin duk sun riga mu gidan gaskiya, amma jikokinsu na nan, wasu da lambar yabo a ƙasan adaka. A je a tambaye su, a rubuta sunaye da garuruwa tun kafin su ma su kau. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.