Ƙwallo Ba Awon Gero Ba Ce

'Yar uwa, in dai akwai namiji a gidanki, miji ko ƙane ko ɗa, na san kin sha wannan surutu. Da an tashi daga gidan kallon ƙwallo sai su shigo mana da lissafi, wai ƙungiya kaza ta riƙe ƙwallo kashi 60 cikin ɗari, wane ya kai hari sau kaza. Da ban damu ba, sai da na ga kuɗin cefane sun soma bin lissafin nan zuwa shagon caca.

Wani ƙanena a nan Tambuwal ya kawo mini fim a waya, wai in kalla in daina yi masa faɗa. Sunan fim ɗin Moneyball, na 2011, an ɗauko shi daga littafin Michael Lewis na 2003. Labarin Billy Beane ne, manajan ƙungiyar besbol ta Oakland a Amurka. Ba shi da kuɗin sayen manyan 'yan wasa, sai ya bi alƙaluma ya kwaso waɗanda aka raina, a 2002 suka ci wasa 20 a jere. Ni da nake rubuta labari, wallahi na yaba da tsarinsa. Abin da ƙanen nawa ya ƙi gani shi ne, ko a fim ɗin ba su ɗauki kofi ba. Da aka zo wasannin sili-ɗaya-ƙwale, a zagayen farko aka kore su.

Kuma besbol daban, ƙwallon ƙafa daban. A besbol mutum ɗaya ke jefowa, ɗaya ya doka da sanda, a tsaya, a rubuta, a sake. Kowace ƙungiya wasa 162 take yi a kaka. Wannan ai awon gero ne, kwano bayan kwano, in kin daɗe kina awo dole lissafi ya fito. Ita kuwa ƙwallon ƙafa miya ce. Mutum 22 ke guje-guje lokaci guda, wani ma amfaninsa shi ne ya janye mai tsaron baya ba tare da ya taɓa ƙwallo ba. To wa zai rubuta masa wannan? Kin taɓa tsamo daddawa daga miya ki auna daɗin da ta ƙara? Ga shi sau biyu ko uku kawai ake zura ƙwallo a yawancin wasa, sa'a ɗaya ta isa ta kifar da tukunya.

Ki tambayi maigida wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 2012, wanda Mikel Obi ya buga wa Chelsea. Bayern ta samu kwana 20, Chelsea ɗaya tak. A wannan ɗayar Drogba ya sa kai ya farke a minti na 88, daga baya suka ɗauki kofi a bugun fenariti.

Ban ce lissafi banza ba ne. Manyan ƙungiyoyi irin su Liverpool suna biyan masana su auna ɗan wasa kafin a saye shi, kuma yana yi musu rana, don su kaka guda mai wasa 38 suke dubawa. Shi kuwa nawa, wasan Asabar ɗaya yake ɗora wa kuɗin da ya wuni kan babur yana nema.

Da na gama bayani sai ya ce, "Ke Yaya, mi kinka sani ga ƙwallo?" Bai kai ƙofa ba ya juyo, wai in ranta masa dubu biyu zuwa Litinin.