Ginin Ƙasa da Ginin Siminti: Sharhi a kan Babban Masallacin Kano

Duk wanda ya fito daga unguwar Kabara, inda gidan Ƙadiriyya na marigayi Shaihu Nasiru Kabara yake, ya bi ta gefen Gidan Rumfa, zai hango koriyar ƙubba da hasumiyoyi biyu na Babban Masallacin Juma'a. Mutane da yawa suna ɗauka wannan shi ne ginin asali. Alhali kuwa tarihin masallacin yana komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), amma ginin da ake gani yanzu an yi shi ne a ƙarshen zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953), bayan an rushe na ƙasa.

Babu mai musun cewa sabon ginin yana da kwarjini, kuma ya ɗauki jama'a fiye da tsohon. Sai dai idan aka dube shi da idon magini, fasalinsa na ƙasashen Gabas ne, kayan aikinsa siminti da ƙarfe. Ba a ga bakan gizo ko ɗaurin guga a cikinsa, ba a ga zanko a kansa. Ke nan ya karɓi sunan tsohon masallaci, amma bai gaji fasaharsa ba.

Wannan fasaha ba ƙarama ba ce. Maginin Hausa yakan ɗora tubali a kan tubali, ya sa kaurin bango a ƙasa ya riƙa raguwa zuwa sama. Yakan jera azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, ya lanƙwasa ta har ta zama baka mai ɗauke da rufi. Sannan a shafe da makuba ko laso, a sa indararo don ruwan damina. Irin wannan ɗaki yana da sanyi da bazara, da ɗumi da hunturu. Aibinsa guda ne: yana bukatar yaɓe a kai a kai. Amma wannan yaɓen shi ne makarantar da yaro yake koyon sana'ar ubansa.

Akwai wuraren da suka bi wata hanya. A Zariya, masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 an lulluɓe shi da sabon gini a shekarun 1970, aka bar bakunansa a ciki. A ƙauyen Yama na jihar Tawa a Nijar, masallacin ƙasa da Falke Barmu ya soma a 1962 ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Hatta a Ingila, cocin ƙauye mai shekara ɗari bakwai gyara shi ake yi, doka kuma ta hana a taɓa shi ba izini.

Abin da ya wuce a birni ya riga ya wuce. Abin tsoro yanzu shi ne ƙananan masallatan unguwanni da na ƙauyuka, waɗanda mai hali kan rushe da kyakkyawar niyya don neman lada. Ya kamata hukuma, tare da masarauta da Sarkin Magina, su ƙidaya waɗanda suka rage, a auna su, a ɗauki hotunansu. Inda jama'a ta yi yawa, a yi ƙari a gefe, a bar tsohon a tsaye.