Tambaya da Amsa a Bakin Iyaka: Sharhi a kan Binciken William Miles game da Kishin Ƙasa

1.0 Gabatarwa

Manazarta harshe ba su cika leƙa ayyukan masana kimiyyar siyasa ba, alhali kuwa duk mai auna ra'ayin jama'a da kalmomi yake yin awonsa. Manufar wannan takarda ita ce duba aikin William F. S. Miles, wanda ya koyar da kimiyyar siyasa shekaru da dama a Jami'ar Northeastern ta birnin Boston, a Amurka. Za mu nuna cewa sakamakon bincikensa abin lura ne, amma kalmomin da ya dogara a kansu suna bukatar a sake tantance su.

2.0 Tarihin Binciken

Miles ya fara zama cikin Hausawa a Magarya, ta Jamhuriyar Nijar, inda ya yi aikin koyarwa daga 1977 zuwa 1979. A 1983 ya komo da niyyar bincike, ya zaɓi ƙauyuka biyu maƙwabtan juna, watau 'Yardaje ta ƙasar Daura a Nijeriya, da Yekuwa ta yankin Magarya. Dabararsa mai sauƙin fahimta ce. Mutanen garuruwan biyu harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, sana'arsu ɗaya. Abin da ya raba su shi ne iyakar da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1906 da 1908. Saboda haka duk bambancin ra'ayi da aka tarar, ana iya jingina shi ga mulkin mallaka da gwamnatocin da suka gaje shi.

Daga wannan zama ne littafinsa Elections in Nigeria ya fito a 1988, a kan zaɓen 1983 kamar yadda talakan karkara ya gan shi. A 1991 shi da David Rochefort suka buga maƙala a mujallar American Political Science Review, sannan Hausaland Divided ya biyo baya a 1994. A Scars of Partition, na 2014, ya faɗaɗa dabarar zuwa wasu sassan duniya da ƙasashen nan biyu suka raba.

3.0 Sakamako

An nemi mazauna ƙauyukan su jera abubuwan da suke bayyana kansu da su bisa fifiko. Musulunci ya zo a gaba, sannan ba su ɗora zamansu Hausawa sama da zamansu 'yan Nijeriya ko 'yan Nijar ba. Har ila yau sun nuna kusanci da ɗan ƙasarsu wanda ba Bahaushe ba fiye da Bahaushen ƙetaren iyaka. Wannan ya girgiza ra'ayin da ya daɗe a rubuce-rubucen Turawa, cewa ɗan Afirka bai san kowa ba sai ƙabilarsa. Ya kamata a yaba wa Miles, domin ya koyi harshen, ya zauna a ƙauye, ya tambayi manomi abin da aka saba tambayar ɗan boko a birni.

4.0 Sharhi

Matsala ta farko tana cikin kalmar "Bahaushe". Jerin fifiko yana ɗauka cewa addini da ƙabila da mahaifa abubuwa ne mabambanta masu gasa da juna. A bakin mutanen karkara kuwa ma'anoninsu sun sarƙe. Bamaguje Hausa yake yi tun haihuwa, amma sau da yawa sai ya musulunta ake cewa ya zama Bahaushe. Mutumin da ya ce shi Musulmi ne, ke nan, ya riga ya faɗi babban rabo na Hausancinsa. Daɗin daɗawa, a tsakiyar Hausawa mutum Badauri ne ko Bakano ko Badamagare. Sai ya sauka a Sabo ta Ibadan ko zangon Kumasi sunan "Bahaushe" yake yin nauyi. Mai yiwuwa ne Hausanci ya koma baya a jerin domin an rarraba shi a ƙarƙashin wasu sunaye.

Ta biyu ita ce kalmar "ƙasa". Muna cewa ƙasar Daura, ƙasar Hausa, ƙasar Nijeriya, duk da kalma guda. Mai karanta sakamakon da Ingilishi ba zai ga wannan harshen damo ba, kuma alƙaluma ba sa nuna wace ƙasa ce mai amsa ya ƙudura a ransa.

Ta uku ita ce zamanin da aka yi tambayar. Nijar tana hannun Seyni Kountché daga 1974 zuwa 1987. A Nijeriya soja sun karɓi mulki ranar 31 ga Disamba, 1983, suka rufe iyakoki daga 1984 zuwa 1986. Talakan da Bature ya tambaye shi ko ƙasa ya fi so ko ƙabila, a irin wannan lokaci, ya san amsar da ba za ta jawo masa jandarma ko ɗan sanda ba. Sanin al'adar kara da kawaici wajibi ne ga mai fassara irin wannan amsa.

Duk da haka harshe ya ba Miles wata shaida. Lakwal da mushe a Yekuwa, firamare da hedimasta a 'Yardaje, alama ce ta cewa iyaka ta shiga bakin mutane. Amma bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, sanatocin Arewa sun ƙi goyon bayan kai hari, suna kafa hujja da zumunci. Kishin ƙasa da 'yan'uwantaka sun zauna a zuciya ɗaya, abin da jerin fifiko ba zai iya kamawa ba.

5.0 Kammalawa

Cibiyar Afrobarometer, wadda ta fara aiki a 1999, ta sa tambayar ƙasa da ƙabila cikin bincikenta a ƙasashen Afirka da dama, kuma da irin alƙalumanta ake yi wa al'ummomi hukunci. Ya zama dole sassan Hausa na jami'o'inmu su sa hannu wajen tsara waɗannan tambayoyi da fassara su. Zai kuma dace wani ɗalibin digiri na uku ya koma 'Yardaje da Yekuwa, ya bar mutane su bayyana kansu da kalmominsu, kafin a jera musu na wani.