Tsakanin Hujja da Kirari: Nazari Kan Tsofaffin Hotunan Kimiyya

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin kimiyya na sakandare, ko yake bibiyar shafukan tarihi a Facebook, ya saba da wasu hotuna da ba sa tsufa. Akwai tsohon nan mai hargitsattsiyar furfura da ya zaro harshe waje. Akwai mai dogon farin gemu da ya ƙura wa nesa ido. Akwai ƙasusuwan hannu da zobe a yatsa, akwai kuma malami mai rawani da ake rubutawa a ƙarƙashinsa cewa shi ne uban aljabara. Hotunan nan sun zama fanni mai zaman kansa, da al'adunsa da ƙa'idojinsa, kuma ta cikinsu yawancinmu muka fara sanin kamannin kimiyya da na masu yin ta.

Inda gizo ke saƙar shi ne ana jera su a shafi guda tamkar darajarsu ɗaya, alhali iri uku ne. Akwai hoton da shi kansa hujja ne, da shi aka kafa wani ilimi. Akwai wanda aka yi domin girmama wani mutum. Akwai kuma wanda aka ƙaga daga baya, bayan mutumin ko al'amarin ya daɗe da shuɗewa. Mai karatun da bai bambance su ba zai riƙa ɗaukar kirari a matsayin shaida.

Hoton da ya zama hujja

Al'adar kafa hujja da hoto ta girmi kyamara nesa ba kusa ba. Wajen shekarar 964, Abdurrahman Assufi, masanin falaki a fadar Adududdaula a ƙasar Farisa, ya kammala littafinsa Suwarul Kawakib. Ya zana rukunan taurari 48 da aka gada daga masanan Girka, kowane rukuni sau biyu: yadda mai tsaye a ƙasa yake ganinsa a sama, da yadda yake fitowa a jikin ƙwallon tagulla na masu nazarin falaki, inda dama ke komawa hagu. Manufarsa ɗalibi ya riƙe littafi ya ɗaga kai ya gane abin da yake kallo. A cikin littafin ne ya ambaci wani ɗan tabo mai kama da gajimare, wanda yau aka san cewa gungun taurarin Andromeda ne, mai ɗauke da biliyoyin taurari.

A watan Maris na 1610 Galileo ya buga ɗan littafinsa a birnin Benis na Italiya, ɗauke da zanen wata kamar yadda ya hango shi ta madubin hangen nesa. Kafin nan, malaman Turai masu bin Aristotle sun ɗauka wata sumul yake, babu tudu babu kwari. Wani Baturen Ingila, Thomas Harriot, ya riga Galileo zana wata ta madubi tun watan Yulin 1609, amma zanensa na farko layi ne karkatacce da wasu tabbai, kuma bai wallafa shi ba. Galileo ya koyi zane, ya san yadda haske da inuwa ke sauka a kan abu mai tudu, saboda haka da ya ga tabban nan ya gane duwatsu ne da ramuka. Kusan abu ɗaya idanun biyu suka gani, horon hannu ne ya raba su. Duk da haka, a zanen da aka buga an faɗaɗa wani rami fiye da kowane rami da ke wurin a zahiri, domin mai karatu ya gane abin da ake nufi. Zanen ya faɗi gaskiya game da yanayin wata, ya kuma yi ƙari a kan girman rami.

Haka Robert Hooke ya yi a littafinsa Micrographia na 1665. Ƙumar da ya zana ta cika shafin da sai an warware shi kafin a gan ta duka. Shi da kansa ya bayyana cewa ba ya fara zane sai ya juya abu a ƙarƙashin haske iri-iri ya tabbatar da siffarsa, kuma da tururuwa ta ƙi tsayawa wuri ɗaya sai da ya tsoma ta a barasa. Ashe abin da muke gani a shafin taron kallo ne da yawa da mai zane ya haɗa wuri guda.

Da kyamara ta zo, an zaci an huta da hannun mutum. Wani lokaci kuwa haka ya kasance. Ranar 22 ga Disamba 1895, Wilhelm Röntgen na jami'ar Würzburg a Jamus ya ɗauki hoton hannun matarsa Anna Bertha da wani haske da ya gano makonni shida kafin nan. Ƙasusuwa suka fito, zobe ya fito, tsoka ta zama inuwa. A nan kam gani ya kori ji. Cikin 'yan watanni likitoci suka fara neman harsashi da karaya da wannan haske, kuma a 1901 Röntgen ya karɓi kyautar Nobel ta farko a fannin fiziks.

Sai dai ba kowane hoto ke magana da kansa haka ba. Ranar 29 ga Mayu 1919 aka yi husufin rana, masanan Ingila suka aika tawaga biyu, ɗaya zuwa Sobral a Birazil, ɗaya zuwa tsibirin Principe da ke Mashigin Gini, kudu da gaɓar tekun Nijeriya. Suna son gwada maganar Einstein cewa nauyin rana yana lanƙwasa hasken taurarin da ya wuce kusa da ita, ninki biyu na abin da lissafin Newton ya bayar. A Principe hadari ya rufe sama. Daga farantan gilashi 16 da Arthur Eddington ya ɗauka, biyu kaɗai suka yi amfani. A Sobral an yi aiki da na'ura biyu, hotunan ɗaya suka fito dishi-dishi, aka ajiye su gefe. Ranar 6 ga Nuwamba aka sanar a Landan cewa Einstein ya yi gaskiya. An shafe shekaru ana gardama ko ajiye waɗancan hotuna son kai ne, har sai da aka sake auna farantan Sobral da na'urorin zamani a ƙarshen shekarun 1970, sakamakon ya goyi bayan hukuncin farko.

Abin lura shi ne hoton da ake yawan bugawa na wannan husufi, baƙin faifai da haske kewaye da shi, babu idon da zai kalle shi ya ga hujjar. Gocewar taurarin a kan farantin ɗan ƙaramin kaso ne na milimita ɗaya. A cikin awo da lissafi hujjar take, tare da hukuncin mutanen da suka zaɓi farantin da za a yarda da shi.

Hoton kirari

Iri na biyu aikin maroƙi yake yi: ya ɗauki mutum ɗaya ya ɗaga shi, ya bar sauran jama'a a ƙasa. Ƙa'idojinsa sanannu ne. Mutum ɗaya ne, galibi namiji, galibi tsoho, da wani kayan aiki a hannu ko allo a baya.

Wannan salo yana ɓoye shekarun da aka yi aikin. Hoton Einstein mai zaro harshe an ɗauke shi ne ranar 14 ga Maris 1951, ranar da ya cika shekara 72. Amma a 1905, shekarar da ya wallafa maƙalun da suka girgiza fiziks, yana da shekara 26, ma'aikaci ne a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire a birnin Bern. Darwin ya hau jirgin ruwan Beagle a 1831 yana ɗan shekara 22, kuma lokacin da babban littafinsa ya fito a 1859 bai ma tsayar da gemun da aka san shi da shi ba. Ɗalibin da furfura kawai ake nuna masa zai ɗauka bincike sana'ar dattawa ce, alhali samari ne suka yi kaso mai yawa na aikin.

Yana kuma ɓoye hannayen da suka yi aikin. A watan Mayun 1952, a kwalejin King's ta Landan, ɗalibi Raymond Gosling da ke aiki ƙarƙashin Rosalind Franklin ya ɗauki hoton zaren DNA da irin hasken da Röntgen ya gano. An bar farantin yana shan haske sama da kwana biyu. Abin da ya fito ɗige-ɗige ne baƙaƙe da suka gicciya juna, wanda ake kira Hoto na 51. Ga wanda ya iya karanta shi, alama ce cewa zaren a murɗe yake. A watan Janairun 1953 abokin aikin Franklin, Maurice Wilkins, ya nuna wa James Watson, mai binciken siffar DNA, hoton ba da sanin Franklin ba, sannan ma'aunan da ta fitar suka isa hannun Watson da Francis Crick ta cikin wani rahoto. Ranar 25 ga Afrilu 1953 mujallar Nature ta buga bayanin siffar DNA.

To, wane hoto ne duniya ta fi riƙewa? Wanda Antony Barrington Brown ya ɗauka a watan Mayun 1953: samari biyu a gaban samfurin ƙarfe, Crick yana nuni da rular lissafi, Watson yana kallo sama. Shirya shi aka yi, makonni bayan an gama aikin. Franklin ta rasu a 1958 tana da shekara 37, aka ba Watson da Crick da Wilkins kyautar Nobel a 1962. Hoton hujja ya zauna a cikin mujallar masana, hoton kirari ya shiga littattafan makaranta.

Ko hoton rukuni bai kuɓuta ba. A hoton taron Solvay na 1927 a birnin Burasels akwai mutum 29, 17 daga cikinsu sun sami kyautar Nobel ko dai kafin taron ko bayansa, amma mace ɗaya ce tak, Marie Curie. A Principe kuwa, a gonar koko ta Sundy Eddington ya kafa na'urorinsa, kuma leburorin gonar, 'yan Afirka da ke aikin ƙwadago ƙarƙashin Turawan Fotugal, su suka yi dakon kayan. Babu fuskarsu a labarin da aka saba bayarwa.

Akwai zanen da ya bi wata hanya dabam. A 1577 masanin falaki Taƙiyyuddin ya kafa gidan nazarin taurari a Santambul a zamanin Sarki Murad na Uku, aka rushe shi a 1580. Zanen da wani mai zanen fada ya yi ya nuna fiye da mutum 10 a ɗaki guda: wasu na awo da usturlabi, wasu na rubutu, wasu na jayayya, ga agogo, ga ƙwallon taswirar duniya, ga littattafai a kanta. Wannan ya fi kusa da yadda ake yin bincike a zahiri fiye da dubban hotunan mutum ɗaya a gaban allo.

Fuskokin da aka ƙaga

Iri na uku shi ya fi yawo a tsakaninmu. Fuskar da aka fi sani ta Alkawarizmi, uban aljabarar nan mai rawani, wanda ya rasu wajen 850, daga kan sarki take, wanda Tarayyar Sobiyet ta fitar a 1983 domin tunawa da shekara 1200 da haihuwarsa. Ta masani Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, wadda aka sa a takardar dinari 10,000 ta Iraƙi a 2003, tunanin mai zane ce. Babu wani zanen fuskarsu da aka yi suna raye da ya iso gare mu. Sai a 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto, saboda haka duk hoton kyamara da aka jingina wa mutumin da ya rasu kafin wancan zamani ƙarya ne. Wannan ma'auni ya hau kan hotunan da ake yaɗawa da sunan Shehu Usman Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817.

Al'amuran sama ma ba su tsira ba. Shahararren zanen zubar taurari da aka yi a Amurka a daren 12 zuwa 13 ga Nuwamba 1833, an yi shi ne fiye da shekara 50 bayan faruwar abin, bisa labarin wani da ya gani, domin wani littafin addinin Kirista. Zanen matafiyin nan da ya leƙa kansa ta gefen sama, wanda ake cewa na tsakiyar zamanin Turai ne, ya fara bayyana ne a littafin Camille Flammarion a 1888. Tuffar da ake zanawa tana faɗo wa Newton a ka kuwa, a labarin da ya ba abokinsa William Stukeley a 1726 faɗuwarta kawai ya gani.

Wannan ba ya nufin a watsar da su. Shaida ne su ma, amma shaidar zamanin da aka yi su. A bangon littafin Johannes Hevelius kan wata, na 1647, an zana Ibnul Haisam a gefe ɗaya yana wakiltar hankali, Galileo a ɗaya gefen da madubinsa yana wakiltar gani. Fuskar ƙagaggiya ce, amma zanen ya tabbatar da cewa masanan Turai na ƙarni na 17 sun san bashin da ke kansu. Kan sarkin 1983 shi ma yana ba da labarin yadda Sobiyet ta so ta yi tinƙaho da tarihin yankin Kawarizm, wanda a lokacin yake cikin iyakokinta.

Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke iya fitar da hoto mai kama da tsoho cikin daƙiƙa, aikin mai karatu ya ƙaru. Tambaya huɗu sun ishe shi: wa ya yi hoton, a wace shekara, don wace manufa, kuma wa aka bari a waje? Kira na musamman ga malaman makaranta da editoci da masu shafukan tarihi: duk hoton da za ku sa, ku rubuta shekarar da aka yi shi da sunan wanda ya yi shi, in na tunani ne ku faɗa. In kuma za ku gabatar wa yara da Assufi ko Ibnul Haisam ko Franklin, ku fara nuna musu abin da hannunsu ya yi, domin aikin nasu ne, fuskar kuwa sau da yawa ta aro ce.