Ɗalibin Zanen Gini da Gadon Maginan Damagaram

Abin da masana ke kira gini mai ɗorewa shi ne ginin da aka yi da kayan da ƙasar wurin ke iya bayarwa ba tare da an ƙarar da su ba, wanda ke sanyaya kansa ba sai da na'ura ba, kuma mazaunansa ke iya gyara shi da hannunsu da abin da ke aljihunsu. Ɗalibin da ya fito daga ƙauyukan Dakusa ko daga unguwannin Zinder, ya tafi koyon zanen gini a makaranta irin ta EAMAU da ke Lome, wadda ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka haɗu suka kafa, yakan haɗu da wannan ma'ana a cikin littafi, alhali kuwa ya girma a inuwarta, domin katangun Birni da gidajen fatake na Zango, tsofaffin unguwannin Zinder, sun daɗe suna aiki da ita tun kafin a raɗa mata suna.

A farkon karatu hankalin ɗalibi yakan tsaya ga abin da ido ke gani, wato zankwayen da ke kan soraye da zanen da ake fitarwa a fuskar gida. Wannan sha'awa ba laifi ba ce, amma ita kaɗai kan haifar da ginin siminti da aka liƙa wa zanko don ado, wanda da rana yake zafi kamar tanderu. Ci gaban gaskiya yana farawa ne lokacin da ɗalibin ya soma tambayar dalilin kowane abu. Bangon tubali, wato curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, yana da kauri sosai daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama, kuma wannan kauri ne ke riƙe zafin rana na awoyi masu yawa kafin ya isa cikin ɗaki, ta yadda a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Zinder ke wuce digiri 40, cikin soro kan fi waje sauƙi da rana, sai dare ya yi bangon ya saki abin da ya tara. Ƙananan tagogi da tsakar gida da zaure duk suna cikin wannan lissafi ɗaya, haka ma indararo, wato bututun da ke jefa ruwan rufi nesa da gindin bango.

Mataki mafi wuya shi ne gane iyakar kayan gargajiya, kuma a nan ne ya kamata malamai su fi daɗewa da ɗalibansu. Rufin soro ya dogara ga azara, wadda ake tsagowa daga giginya saboda gara ba ta cinta da sauƙi, kuma da yake azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyi a tazara mai faɗi, magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake jera azara hawa-hawa a cikin ƙasa har ta lanƙwaso ta haɗu a tsakiya, fasahar da ta kai ƙololuwa a masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. Amma giginya tana ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara, ga shi kuma farin shekarun 1970 da 1980 da yawan jama'a sun rage ta ƙwarai. Ɗalibin da ya zana rufin azara ga dukan gari bai yi tunanin ɗorewa ba, ko da zanensa ya yi kama da na kakanni. Wannan matsala ce ta sa tun wajen 1980 ƙungiyar Development Workshop ta soma koya wa maginan Nijar gini ba da itace ba, inda ake rufe ɗaki da ƙubba ko baka na bulon ƙasa zalla, bisa dabarar mutanen Nubiya da Hasan Fathi na Masar ya farfaɗo da ita.

Ruwa ma yana da nasa darasin. A watan Satumba na 2024 mamakon ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Zinder na tsakiyar ƙarni na 19, ƙarnin da Sarki Tanimu ya ɗaukaka Damagaram ya kewaye Birni da ganuwa, kuma wannan rashi ya taɓa duk mai kishin garin, tun da tsohon birnin yana cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO a 2006. Wasu za su ɗauki faɗuwar a matsayin hujjar cewa zamanin ƙasa ya wuce, sai dai abin da ta fi nunawa shi ne ginin ƙasa yana rayuwa ne da yaɓe na yau da gobe. A da ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, kuma akwai Sarkin magina da ke lura da sana'ar. Inda wannan tsari ya raunana sai a koma ga yaɓen siminti a kan bangon ƙasa, wanda ke hana danshi fita, ya ɓoye ɓarnar da ke ci daga ciki har ranar da zai ɓamɓaro da naman bangon. Irin wannan sani ya fi zama a hannun tsofaffin magina, saboda haka ɗalibin da bai taɓa tsayawa a wurin kwaɓi ba, ya ji yadda magini ke gane ƙasar kirki da tafin hannunsa, karatunsa yana da giɓi.

Akwai misalin da ke nuna cewa haɗa ilimin makaranta da na tsofaffin magina mai yiwuwa ne. Alhaji Falke Barmu, magini ne na gargajiya, ya gina masallacin Yama a jihar Tawa wanda ya samu lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Bayan shekaru, Mariam Issoufou Kamara, wadda ta fara da ilimin kwamfuta kafin ta koma zanen gini a Amurka, ta haɗu da Yasaman Esmaili suka kammala cibiyar Hikma a Dandaji a 2018, inda aka mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu tare da maginan yankin, aka gina sabo da bulon ƙasa matsattse, wato jar ƙasa da ake gaurayawa da siminti kaɗan a danne da inji ba tare da gashi ba. Wannan bulo yana rage dogaro ga siminti, wanda sarrafa shi ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ake fitarwa a duniya, kuma wanda ke isa Damagaram da tsada daga Malbaza ko daga Najeriya.

Abin da ya rage wa ɗalibi shi ne shawo kan mai gida, domin a idon mutane da yawa gidan ƙasa alamar rashi ne, bulo da kwano kuwa alamar samu. Zane ba ya sauya wannan ra'ayi sai an ga aji ko ɗakin shan magani ko rumfar kasuwa da aka gina da ƙasa ta tsaya damina bayan damina, kuma a ƙananan hukumomi irin Dakusa, inda kuɗin gini kaɗan ne amma ƙasa da magina suna kusa, irin waɗannan ayyuka ne sabon mai zane zai fi samun damar gwada hannunsa a kansu.