Fitilar Maƙeri

Kafin kananzir ya shigo kudancin Katsina, hasken dare a Damari da Faskari da Ƙanƙara daga hannun maƙeri yake fitowa. Kyandir baƙo ne a nan. Abin da kakanni suka sani shi ne fitilar ƙarfe, a zuba mata man gyaɗa ko man kaɗe, a murza auduga a yi mata lagwani, kuma duk ukun ƙasar nan ce take ba da su.

A ido aikin ba wuya: ɗan kasko ne a kan sanda. Sai ka tsaya a maƙera za ka gane. Maƙeri zai cusa ƙarfen cikin gawayin ƙirya, yaro yana zuga zugazugi, har ya yi jawur. Ya ciro shi da awartaki, ya ɗora a kan uwar maƙera, ya dinga bi da masaba yana faɗaɗa shi, yana juyawa, har ya lotsa ya zama kasko. A nan gwaninta take. In ya yi zurfi da yawa, lagwani ya nutse, wuta ta mutu. In bai yi zurfi ba, da an ɗan taɓa shi mai ya zube. Daga nan sai ya matse gefe guda ya fitar da ɗan baki inda lagwani zai kwanta. Man kaɗe kuwa daskarewa yake yi, balle da hunturu, don haka sai ƙarfen bakin ya ɗauki zafin wutar ya kai cikin kasko, man ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan. Maƙerin da bai san kaurin da zai bari ba, fitilarsa hayaƙi kawai za ta yi.

Ado a jikin sanda ake yinsa. Tana da zafi ake murɗa ta kamar igiya, kuma dole zafin ya zo daidai daga sama har ƙasa, in ba haka ba wuri ɗaya ya murɗe, sauran ya ƙi. Gindin kuma ko a yi masa ƙafafu uku, don ba sa rawa a daɓen da bai daidaita ba, ko a yi masa tsini a kafa a ƙasa. Ƙaramar fitila ita ce ta alkuki.

Wannan duk aikin maƙeran baƙi ne. Maƙeran fari, masu tagulla da azurfa, su ne na masu hali, kuma a wannan fanni Bida ta yi suna. A Alƙahira ma, a ƙarni na 14, an yi mazaunin kyandir na tagulla mai rubutun Larabci da aka cike da azurfa. Sun fi namu ƙawa, babu musu, amma kyandir ba ya zubewa in an karkata shi, don haka maƙerinmu ya fi su fama da lissafi.

Da layin dogo ya ratsa Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda a 1929, kayan kanti suka yawaita. Fitilar ƙwai ta shigo, talaka kuma ya huda gwangwanin madara ya yi aci-bal-bal. Wanda ya ci karo da tsohuwar fitila a ɗakin kakarsa, ya duba mahaɗar kasko da sanda. Ta da, da wuta da masaba aka haɗa ta, ko a kafe ta da ƙusa, kuma sawun dukan yana nan. Ta yanzu da ƙullin walda za a gan ta.