4.3 Sharhi a Kan Tsarin Ubangida da Yaro Wajen Horar da Masu Tsara Kiɗan Fim a Amurka

A sashen da ya gabata an yi bayanin aikin mai tsara kiɗan fim, wato wanda yake kallon hoto ya ɗora masa sautin da zai sa mai kallo tsoro ko tausayi ko murna. A wannan sashe kuwa za a dubi hanyar da sabon shiga yake bi ya koyi sana'ar a masana'antar Holiwud, musamman idan mace ce ko baƙar fata ko baƙo daga wata ƙasa. Ra'ayin mai nazari shi ne, tsarin ya iya koyar da aiki, amma bai iya raba suna da haƙƙi ba.

4.3.1 Yadda Tsarin Yake

Makaranta tana koyar da rubuta kiɗa, amma ba ta haɗa ɗalibi da darakta. Saboda haka mafi yawan masu wannan sana'a sukan fara ne da zama a ƙarƙashin wani gwani. Hans Zimmer, haifaffen Jamus, ya yi irin wannan zama da Stanley Myers a Landan cikin shekarun 1980. Da ya koma Amurka sai ya kafa kamfanin Media Ventures a 1989, wanda daga baya ya zama Remote Control Productions. A nan John Powell da Harry Gregson-Williams da Ramin Djawadi suka goge. Yaro yakan fara da kula da na'urori, sannan a ba shi gyaran kiɗan da maigida ya tsara, daga nan a bar masa fitowa ɗaya ko biyu ya gwada hannunsa.

Wannan bai yi nisa da abin da aka sani a gidajen makaɗan Hausa ba, inda ɗan amshi yakan daɗe yana bin maigidansa kafin ya kafa tasa ƙungiya, kuma duk baitin da ya ƙara a waƙa da sunan maigida ake saninsa.

4.3.2 Amfanin Tsarin

Ba za a ce tsarin bai amfani waɗanda aka bari a baya ba. Pinar Toprak, 'yar ƙasar Turkiyya, ta yi aiki a kamfanin Zimmer, kuma a 2019 ta zama mace ta farko da ta tsara kiɗan fim a jerin finafinan Marvel, wato Captain Marvel. Haka kuma Hildur Guðnadóttir ta yi aiki tare da Jóhann Jóhannsson a finafinan Sicario na 2015 da Arrival na 2016. A 2018, shekarar da ya rasu, ita ce ta tsara kiɗan kashi na biyu na Sicario, sannan a 2020 ta ci kyautar Oska da fim ɗin Joker. Abin lura a nan shi ne, waɗannan mata sun sami abu biyu daga zaman: ƙwarewa, da kuma shaidar wanda masu kuɗi suka yarda da shi.

4.3.3 Raunin Tsarin

Rauni na farko shi ne, maigida ke zaɓen yaronsa, kuma galibi yakan zaɓi wanda ya sani ko wanda ya yi kama da shi. Tun 1935 ake ba da Oska ta kiɗan fim, amma sai a 1997 mace mai tsara kiɗa ta ci ta, wato Rachel Portman da fim ɗin Emma. Anne Dudley ta biyo baya a 1998, daga nan kuma sai da aka yi shekara 22 kafin ta Hildur. Idan da tsarin yana gyara kansa da kansa, da wannan giɓi bai kai haka ba.

Rauni na biyu ya shafi suna da kuɗi. Kowane fim yana da takardar da ake jera sunan wanda ya tsara kowane yanki na kiɗa, kuma da ita ake raba kuɗin haƙƙin mallaka duk lokacin da aka nuna fim ɗin a talabijin. Yaron da ba a sa sunansa a wannan takarda ba, ladan aikinsa na ranar kawai zai samu. Ko da an ambace shi a ƙarshen fim a matsayin mai ƙarin kiɗa, darakta ba ya neman mai ƙari, babban suna yake nema. Misalin Lebo M, ɗan Afirka ta Kudu, ya isa a yi tunani. Ya yi aiki da Zimmer a The Power of One na 1992, kuma muryarsa ce take buɗe The Lion King na 1994. Sun raba kyautar Grammy a kan tsara waƙar buɗewa, amma Oska ta kiɗan fim ɗin Zimmer kaɗai aka ba. Ba a nufin an zalunce shi, domin ƙa'idar kyautar ke nan. Abin tambaya shi ne ita ƙa'idar wa take gani.

Rauni na uku shi ne, sau da yawa ba maigida ne yake buɗe ƙofa ba, darakta ne. Spike Lee ne ya ba Terence Blanchard kiɗan Jungle Fever a 1991, amma sai a 2019 aka fara sa sunansa a takarar Oska. Michael Abels kuwa malamin kiɗa ne a makaranta lokacin da Jordan Peele ya ji aikinsa a YouTube ya ba shi Get Out na 2017. Wannan ya nuna gwanaye suna nan, dama ce ba su samu ba.

4.3.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci dalilin kafa ƙungiyoyi irin su Alliance for Women Film Composers a 2014, da Composers Diversity Collective wadda Abels yake cikin waɗanda suka kafa ta. A ganin mai nazari, bai kamata a auna shirin horarwa da yawan waɗanda suka halarta ba. Ma'auni biyu ne: mutum nawa aka rubuta sunansu a takardar haƙƙi, kuma mutum nawa aka damƙa wa fim sukutum. Sashe na gaba zai ɗora wannan ma'auni a kan kiɗan finafinan da aka zaɓa.